Abin Da Ƙafar Mota Ke Gaya Wa Mai Wanke Ta

Daga wani Jami'in Ilmi

A kwalejin horon malamai inda na ke zaune, ran Asabar da hantsi ita ce ranar wankin mota. In ka bi ta layin gidajen malamai za ka tarar kowa ya fito da tasa gindin darbejiya, yara suna ta kai da kawo da bokiti da soso, maigida kuwa yana kan kujera yana gyaran takardun ɗalibai. Akan wanke rufi, a goge gilashi har mutum ya ga fuskarsa, sa'an nan daga ƙarshe, da ruwa ya yi baƙi, hannun yaro ya gaji, sai a watsa wa ƙafafu abin da ya rage cikin bokiti a ce an gama. Ni ma haka na yi ta yi shekara da shekaru. Dalilin da ya sa na bari shi na ke so in bayyana wa 'yan'uwana malaman makaranta da malaman ofis, musamman waɗanda suka yi tanadi, ko suka ci bashi, suka sayi 'yar mota, ba su kuwa da ta biyu in wannan ta lalace.

Bara waccan da kaka na fita rangadin duba makarantu na kwana biyar. Hanyoyin duk na jar ƙasa ne, ban kuwa sami sukunin wanke mota ko sau ɗaya ba. Ran da na komo, tun ban kashe inji ba, sai ga tsohon direban kwaleji, dattijon da ya fi shekara talatin yana riƙe da sitiyari, ya zo yi mini barka da zuwa. Ya zaga motar sau ɗaya, ya tsaya wajen ƙafar gaba ta dama, ya ce, "Ranka ya daɗe, tun yaushe ƙafar nan ta ke haka?" Na ce, "Baba, me ya same ta?" Ya ce in dube ta, in dubi 'yan'uwanta. Ashe sauran ukun sun yi ja wur da ƙurar hanya, ita kuwa ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya kai bayan hannunsa kusa da ita, bai taɓa ba, ya ce ni ma in yi haka. Zafi ya bugo ni kamar na tsaya bakin murhu. Muka zaga ta hagu, ɗumi ne kawai. Ya girgiza kai, ya ce, "Birkin nan ba ya saki. Don Allah, Malam, kada ka ɗauki iyali cikin motar nan sai makaniki ya gan ta."

Wanshekare makaniki ya kwance ƙafar. Ɗaya daga cikin ƙusoshin da matsin birki ke zamewa a kansu ta yi tsatsa ta cije, saboda haka takalmin birki yana goge faifai dare da rana, ko na taka ko ban taka ba. Takalmin ya cinye, bai fi kaurin kwali ba, faifan kuwa har ya yi shuɗi-shuɗi don zafi. Makaniki ya ce a ganinsa abin ya yi wata biyu. Watau kowane mako ƙafar nan tana rubuto mini takarda, yaro yana shafe ta ran Asabar tun ban karanta ba. A makon da ke biye kuwa na shirya tafiya da iyalina ta Hawan Kibo, gangaren nan da ke tsakanin Jos da Akwanga. Wanda ya san wurin ba ya bukatar in ƙara masa bayani.

To, mece ce wannan baƙar ƙura? Mutane da yawa suna zaton hayaƙi ne, ko kwalta, ko dattin taya. Ko kusa. Bayan kowace ƙafar gaba akwai wani faifai na baƙin ƙarfe na zubi wanda ke juyawa tare da ita. Wani ƙarfe mai kama da awartakin maƙera, makanikai na ce masa kalifa, yana rungume da bakin faifan, cikinsa kuwa akwai takalman birki biyu, waɗanda su ke kira fad. Da ka taka birki, man birki ya tura, sai awartakin ya matse faifai tsakanin takalman nan biyu. Gogayyar da ke tsai da mota ita ce kuma ke kankare su duka, kaɗan kaɗan, kamar yadda dutsen niƙa ke cin kansa yana cin hatsi. Garin da ke zubowa shi ne ƙurar birki. Babban kasonta ƙarfe ne daga jikin faifai, sauran kuwa abubuwan da aka haɗa takalmin da su ne: ƙaro mai ɗaure su, da baƙin abin nan da ke cikin fensir, da zaren ƙarfe, wani lokaci da jan ƙarfe. Malamin da ke so ɗalibansa su gani da ido, sai ya naɗe mayen ƙarfe cikin leda ya tsoma cikin ruwan da aka wanke ƙafa da shi. Na gwada, ya fito da baƙin gemu.

Ga ɗan lissafi ga malaman aji na sama. Mota mai nauyin kilo 1,200, tana gudun kilomita 100 a awa, in aka tsai da ita cak, zafin da birki ke haifarwa cikin 'yan sakan nan ya isa ya kai ruwa kimanin lita ɗaya da rabi ga tafasa. In kuwa gudun kilomita 50 ta ke yi, zafin rubu'in wancan ne kurum, ba rabi ba, gama in gudu ya ninka biyu aikin birki ninka huɗu ya ke yi. Saboda haka garin ƙarfen nan ba da sanyi ya ke sauka kan wili ba, da zafinsa ya ke zuwa, kamar tartsatsin maƙera. Kuma da ya ke nauyin mota yana rinjaya gaba in an taka birki, ƙafafun gaba su ke ɗaukar wajen kashi biyu cikin uku na aikin, ko fiye. Don haka in ka ga na gaba sun fi na baya baƙi, wannan ba ciwo ba ne, haka aka yi su.

Iyayenmu ba su san wannan damuwa sosai ba, kuma da dalili. Motocin da, birkinsu na ganga ne, watau takalma suna cikin wata rufaffiyar ganga ta ƙarfe suna tokare ta daga ciki, ƙurar kuma tana taruwa can ciki ba mai ganinta. Har yau yawancin manyan motocinmu na kaya, da ƙafafun baya na ƙananan motoci da yawa, irin wannan birki gare su. Birkin faifai tsohon tunani ne, wani Bature a Ingila mai suna Frederick Lanchester ya yi rajistarsa tun 1902, amma bai karɓu ba sai bayan da motar Jaguar mai irinsa ta ci tseren Le Mans a Faransa a 1953, kuma Citroën DS ta fito da shi kasuwa a 1955. Ya fi na ganga shan iska, bai cika suma don zafi ba, amma a buɗe ya ke, duk abin da ya kankare waje ya ke watsowa. Ko da aka fara harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna a 1975, wilin baƙin ƙarfe ne a ke sa mata, a rufe tsakiyarsa da marfi mai ƙyalli, ba wanda ya damu da abin da ke bayansa. Sai da motocin Kwatano suka cika gari da fararen wili na alminiyam, masu yatsu da tagogi, sa'an nan kowa ya fara ganin baƙin.

Shi wilin alminiyam, an shafe shi da fenti, aka bi da wani siririn mai na sheƙi marar launi, irin wanda kafinta kan shafa wa tebur. Tartsatsin nan yana nutsewa cikin man sheƙin ya zauna. In raɓa ta sauka, ko aka yi ruwa, sai ya yi tsatsa, ya bar ɗigo-ɗigo ja masu kaushi waɗanda sabulu ba ya fitarwa. In an daɗe, sai fentin ya huje, danshi ya shiga ƙarƙashi, alminiyam ya yi fari-fari kamar kanwa, fenti ya yi ta ɓamɓarewa. Wani zai ce ai wannan maganar ado ce. Gaskiya ne, yawanci ta ado ce, ko da ya ke ran da ka tashi sayar da motar za ka san ado ma kuɗi ne. Amma in cin ya kai bakin wili, inda leɓen taya marar tub ke kamawa, sai iska ta riƙa zurarewa a hankali, ka yi ta zarya wurin mai faci yana neman ƙusa bai samu ba.

Abin da na koya wurin dattijon nan shi ne a duba tukuna, sa'an nan a wanke. Mu masu duba makarantu mun sani, in ka isa makaranta rajista ka kan fara buɗewa kafin hedimasta ya fara jawabi, gama ita ba ta iya gyara zance ba. Haka ƙafar mota mai datti ta ke. Tsaya gaban motar ka gwada dama da hagu. Ya kamata baƙinsu ya zo ɗaya. In wata ta fi, ko dai birkinta yana riƙewa, irin nawa, ko kuwa na 'yar'uwarta ne ba ya aiki, ya bar mata dukan nauyin. Kowanne ne cikin biyun, mota takan ja gefe ɗaya in an taka birki da ƙarfi, ta kuma ƙara shan fetur in riƙewa ce. Sa'an nan ka shafa da yatsa, bayan ƙafar ta huce. Lafiyayyar ƙurar birki busasshiya ce, kamar garin gawayi. In ka ji ta da danshi da maiƙo, tana damƙewa, wani abu ne ke yoyo, ko man birki ko giris, kuma mota ba ta da sauran fita sai an gano ko wanne ne. In ka ga tana walƙiya da ɓarɓashin ƙarfe manya manya, ga kuma ƙara kamar ana wasa wuƙa, to, takalmi ya ƙare, ƙarfe ke cin ƙarfe.

Dubi notocin ƙafa kuma. Jan zane na tsatsa da ya taso daga gindin noti ya miƙe waje kamar hawaye, alama ce notin ya yi sako-sako yana motsi. Direbobin manyan motoci sun san wannan sarai, mu ne 'yan boko ba mu sani ba. In wilin mai tagogi ne, leƙa da tocila za ka hangi kaurin takalmin birki na waje. Sabo yakan kai milimita 10 zuwa 12, in ya sauko wajen milimita 3, watau bai kai tsinken ashana biyu a haɗe ba, lokacin sauyawa ya yi. Sai dai ka tuna na ciki, wanda ba ka gani, shi ya kan riga ƙarewa sau da yawa. Duk wannan dubawa ba ta cin minti biyar.

Yanzu sai wanki. Sharaɗi na fari, kada a wanke ƙafa da zafinta. Na sha ganin mutum ya fito daga doguwar tafiya ya zarce wurin masu wankin mota, yara su sakar wa ƙafa ruwan sanyi, tururi ya tashi, kowa yana dariya. Ƙarfen zubi ba ya son a sauya masa zafi da sanyi farat ɗaya, yana iya karkacewa ko ya yi tsaga, daga baya ka ji birki yana rawa ƙarƙashin ƙafarka. Sabulu ma kan wili mai zafi bushewa ya ke yi nan da nan ya bar tabo. A sa motar a inuwa, a ba ta kamar awa guda, ko kuwa a yi wankin da sassafe kafin a fita.

Da ƙafafu a ke farawa, ba da su a ke gamawa ba, don in ka wanke jiki tukuna, fantsamar ƙafa za ta ɓata maka aiki. A ware musu bokitinsu da sosonsu da tsummansu, kada ko da wasa a kai su jikin mota, gama garin ƙarfen da ke maƙale cikin soso zai zane fenti kamar an ja shi da ƙaya. A fara kwarara ruwa zalla mai yawa, don yashi da jar ƙasa su sauka da kansu. Wanda ya sa soso kan busasshiyar ƙurar hunturu, sanfefa ya ke yi wa wilinsa bai sani ba. Bayan haka sai ruwan sabulu mai laushi, na wankin mota in akwai, in babu, ɗan sabulun ruwa na wanke kwanuka ya isa, ko da ya ke yana cire kakin da aka shafa. A bi yatsun wili ɗaya ɗaya, a sa tsohon buroshin haƙori cikin ramukan noti da gindin bawul, a ɗaura tsumma a kan siririn itace a zura ta taga a goge cikin wili. Cikin nan shi a ke mantawa, alhali kuwa nan datti ya fi taruwa. Da damina laka takan daskare a ciki gefe ɗaya, ta ɓata daidaiton ƙafa, sitiyari ya riƙa karkarwa in an yi gudu, mutum ya kai kuɗi wurin makaniki kan abin da bokitin ruwa zai warkar. Amma a yi hankali da 'yan ƙananan ƙarafan nan da a ke mannawa jikin wili don daidaita shi, kada a ɓamɓare su a zaton datti ne. A gama ƙafa ɗaya, a ɗauraye, a tsane da tsumma, sa'an nan a matsa ta gaba.

In ana yin haka kowane mako, ko bayan mako biyu, sabulu da ruwa sun wadatar. Wahala tana zuwa ne in an bari tsatsa ta kama, nan ne kuwa mutane ke ɓarna da hannunsu. Na ga wanda ya sa soson ƙarfe na wanke tukunya, na ga mai toka da yashi, har na ga wanda ya jiƙa sodar da mata ke dafa sabulu da ita. Soson ƙarfe yana kankare man sheƙi ƙarƙaf, bayan wata guda wilin ya fi da muni. Soda kuwa cin alminiyam ta ke yi, kowace uwargida da ta taɓa barinta cikin farar tukunya ta sani, toka ma danginta ce. Ruwan batir kada a ko kusantar da shi. Kananzir da man gas suna fid da kwalta, gaskiya ne, amma suna lalata roba, kuma in ɗigo ya sauka kan faifai ya shiga takalmin birki, takalmin ya tashi aiki, sai a sake. Haka man nan da a ke fesa wa taya don ta yi baƙi tana ƙyalli: in dole sai an sa, a zuba a tsumma a shafa, kada a fesa.

Akwai wanda ya fi waɗannan duka haɗari. Waɗansu magungunan wanke wili suna da wani asid mai suna haidurofulorik, ko danginsa. Yana faranta wili cikin ƙiftawar ido, shi ya sa a ke sonsa. Amma yana ratsa fata ya shiga nama, yana neman sinadarin da ke cikin ƙashi da jini, kuma in an tsarma shi da ruwa mutum ba ya jin zafin sai bayan awoyi, sa'ad da ɓarnar ta yi nisa. In ka ga yaro a wurin wankin mota ya ɗauko jarka marar takarda, ya zuba da hannu tsirara, wili ya yi fari fat nan take, ka hana shi, don wilinka da kuma don yatsunsa. Abin da ya dace da tsatsar da ta kafe shi ne maganin da aka yi musamman don narkar da garin ƙarfe. Ana fesa shi kan wili mai sanyi, cikin minti uku zuwa biyar sai ka ga yana zubowa launin shunayya, alamar ya kama ƙarfen ke nan, sai a ɗauraye tun bai bushe ba. Wari gare shi kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kuma yana da ɗan tsada, amma sau biyu a shekara ya isa. In wili ya fita tas, a shafa masa kakin mota. Ba ya hana ƙura sauka, amma yana hana ta kamawa.

Bayan wanki za ka ga faifai ya yi ja da tsatsa cikin 'yan mintoci. Kada hankalinka ya tashi, a sama kawai ta ke, taka birki biyu ko uku ya share ta. Abin lura shi ne jiƙaƙƙen birki ba ya kamawa sosai da fari. Saboda haka ka ja motar a hankali cikin fili, ka taka sau da yawa har ka ji ya komo daidai, tun ba ka hau titi ba. Wannan kuma yana busar da shi, gama in ka ja birkin hannu ka bar mota kwana da kwanaki da danshi, takalma suna iya mannewa jikin ganga.

Rage ƙurar kuwa yawancinsa a ƙafar direba ya ke. Wanda ke bin motar gabansa kurkusa, yana taka totur yana taka birki, shi ya fi kowa baƙin wili da yawan zuwa kasuwar kayan gyara. In ka hangi mararraba ko shingen hanya, ɗage ƙafa tun da nisa, lissafin nan na rubu'i yana wajenka. A dogon gangare a sa ƙaramin giya inji ya riƙe mota, kada a ɗora ƙafa kan birki tun daga sama har ƙasa. Takalman birki ma iri iri ne. Masu ƙarfe da yawa suna kamawa da kyau, suna jure zafi, amma sun fi baƙar ƙura. Masu haɗin tangaran ƙurarsu kaɗan ce, fara-fara kuma, sun fi tsada. A ganina kada mutum ya zaɓi takalmi don wili ya yi kyau, ya sayi irin da masu motar suka ƙayyade, daga hannun wanda ya amince da shi. Na cikin kwali marar suna, mai rabin kuɗi, araha ce wadda ba ta ado.

Saura magana ɗaya, ita ce kuma ta fi damuna. Ran da a ke gyaran motata, makaniki ya ce bari a duba na baya ma. Yaronsa, ɗan shekara goma sha huɗu ko sha biyar, ya zare gangar, ya sunkuya, ya cika baki da iska ya hura. Baƙin gari ya turnuƙe, ya rufe masa fuska, ya yi tari, ya share hanci da hannun riga, ya ci gaba. Da na tambaye shi, ashe a wata firamare da na ke dubawa ya gama. A waɗansu garejin ma da iskar injin mai faci a ke hurawa, kowa da ke wurin ya samu rabonsa.

Tun farkon ƙarni na 20 aka fara yin takalman birki da asbesto, abin nan da mu ka sani a silin da kwanon rufi na da, saboda wuta ba ta cinsa. Daga baya aka tabbata zarensa, wanda ido ba ya gani, in ya shiga huhu ba ya fita. Yana sandarar da huhu, yana kawo sankarar huhu da ta fatar da ke lulluɓe da shi, kuma ciwon ba ya bayyana sai bayan shekara ashirin, talatin, har arba'in. Yaron da ya shaƙa yau, sai yana da 'ya'ya zai fara haki, ba kuwa wanda zai tuna da gareji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2024 cewa mutum fiye da 200,000 ke mutuwa kowace shekara saboda shaƙar asbesto wurin aiki. Ingila ta gama hana shi a 1999, Tarayyar Turai a 2005, ƙasashe fiye da 50 sun hana, amma har yanzu ana haƙo shi a Rasha da Kazakistan da Sin, ana kuma yin kaya da shi. Ba mai iya duban takalmin birki da ido ya ce wannan da asbesto, wannan babu, balle ma tsohuwar mota wadda ba ka san hannu nawa ta bi ba.

Ko babu asbesto ma, garin kansa ba abin shaƙa ba ne, gama wani sashensa ya yi ƙanƙantar da zai wuce hanci ya isa can cikin huhu. Waɗansu ƙasashe sun fara yi masa doka. A 2010 jihohin Kalifoniya da Washinton a Amurka suka kafa dokar rage jan ƙarfe cikin takalman birki, don ruwan sama yana wanke shi daga titi zuwa koguna yana cutar da kifi. A 2024 kuma Tarayyar Turai ta amince da dokar da ta kira Euro 7, wadda a karo na fari ta ƙayyade yawan ƙurar da birki zai fitar: miligiram 7 a kowace kilomita ga ƙananan motoci masu amfani da mai, miligiram 3 ga masu lantarki zalla, aka kuma sa ƙarshen Nuwamba 2026 ya zama lokacin fara aiki da ita kan sababbin samfura. Motocin nan za su iso mu, amma sai sun tsufa a can tukuna.

Kafin nan, maganin ba shi da tsada. Ƙurar birki ba a hura ta, ba a kakkaɓe ta, ba a share ta da busasshen buroshi. A jiƙa ta tukuna da ruwan sabulu, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a ƙulle tsumman cikin leda a yar, kada a kai shi gida a haɗa da wankin iyali. A wanke hannu kafin a ci abinci. Ruwan wankin ƙafa ma kada a zubar da shi bakin rijiya, ko gindin zogale da alayyafon bayan gida. Na gaya wa malaman da ke koyar da tsabta da sana'a a makarantun da na ke dubawa su sa wannan cikin darasinsu, gama a kowane aji akwai yara biyu ko uku da gareji za su nufa.

Shi kuwa yaron nan, na nemi robar ruwa na huda murfinta da ƙusa, na zuba ruwa da ɗan sabulu, na nuna masa yadda zai tsiyaya kan gangar ɗaya ƙafar kafin ya taɓa ta. Maigidansa ya yi dariya, ya ce shi shekara ashirin yana hurawa ba abin da ya same shi. Na ce, "Maigida, ai shekara ashirin ɗin nan ne lokacin da a ke fara jira." Bai ce kome ba. Da na koma sauya man inji bayan wata uku, na ga robar tana rataye jikin ƙusa kusa da jak, ruwan cikinta ya kusa ƙarewa.